Ƙal'ar Salahuddin da Ganuwar Alƙahira: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya sauka Alƙahira, ko karatu ya kai shi Azhar, ko neman magani, ko fatauci, sai idonsa ya faɗa kan wani masallaci mai ƙubbobi da siraran hasumiyoyi biyu, zaune a kan tudu gabas da gari. In ya tambaya, direban tasi zai ce masa Ƙal'ar Salahuddin ke nan. Tudun da katangar dai Salahuddin ne ya fara su, amma masallacin an aza harsashinsa ne bayan rasuwarsa da shekara fiye da 600. Haka wurin yake gaba ɗaya, gini a kan gini, wani sarki ya rushe na wani ya hau kai. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da fasalinsa da abin da masu tonon tarihi suka gano a ƙarƙashinsa.

Mece ce Ƙal'a, kuma a ina take?

Gari ne ƙarami mai katangar dutse, a kan wani hancin tsauni da ya miƙo daga duwatsun Muƙaɗɗam. An fara gininta a 1176. Daga farkon ƙarni na 13 har zuwa 1874, lokacin da Khedive Isma'il ya koma Fadar Abidin a cikin gari, daga nan ake mulkin Masar. Ayyubawa, wato sarakunan gidan su Salahuddin, sun zauna a cikinta, Mamalik, wato bayin soja da suka gaje su a mulki, sun zauna, gwamnonin Turkawa sun zauna, Muhammad Ali Pasha ya zauna. Sojojin Ingila ma sun yi bariki a ciki daga 1882 zuwa 1946.

Kafin Salahuddin, garin ba shi da ganuwa ne?

Yana da ita, har biyu. Ta farko Jauhar, kwamandan Faɗimiyyawa, wato halifofin Shi'a da suka mulki Masar kafin Salahuddin, ya gina a 969, shekarar da ya kafa birnin. Da tubalin laka aka yi ta, mai kusurwa huɗu, kowane gefe ya ɗan haura kilomita ɗaya. Malamin tarihi Maƙrizi ya ga ragowarta wajen shekara 430 bayan haka, ya ce faɗinta ya isa mahaya biyu su jera a kai. A wancan zamani Alƙahira birnin halifa ne da fadawansa da dakarunsa. Talakawa da 'yan kasuwa suna can kudu a Fusɗaɗ, bakin kogin Nilu.

Ta biyu waziri Badrul Jamali ne ya gina tsakanin 1087 da 1092. Mutumin Armeniya ne asalinsa, kuma maginansa daga arewacin Sham suka zo, inda aikin dutse ya daɗe da kafuwa. Ƙofofinsa uku na nan tsaye har gobe: Babun Nasr mai hasumiyoyi masu kusurwa, Babul Futuh mai hasumiyoyi masu zagaye, dukansu a arewa, sai Bab Zuwaila a kudu. Hasumiyoyin kiran salla biyu da ke kan Bab Zuwaila ba na Badr ba ne. Sarki Mu'ayyad Shaikh ne ya ɗora su wajen 1420, ya mai da ƙofar gari gindin hasumiyar masallacinsa.

In ka tsaya gaban waɗannan ƙofofi, duba ƙasa-ƙasa, sama da kanka kaɗan. Za ka ga wasu da'irori jere a jikin bango kamar an manna faifai. Kawunan ginshiƙan marmara ne da aka kwantar, aka cusa su cikin kaurin katangar, don su ɗaure duwatsun waje da cikon ciki. Ko maƙiyi ya haƙa rami a ƙarƙashi, bangon ba zai zube farat ɗaya ba. A cikin lungunan katangar arewa kuma akwai duwatsu masu rubutu da zanen zamanin Fir'auna, waɗansu a kife, domin magini bai damu da abin da ke jikin dutsen ba, girmansa yake so.

To me ya sa Salahuddin ya ga wannan bai isa ba?

Dalili biyu ne, kuma na biyun ya fi nauyi a ganina, ko da yake na farkon aka fi faɗa.

Na farko mayaƙan Salibiyya, wato Kiristocin Turai da suka kama Ƙudus. A 1168 sarkinsu na Ƙudus, Amalrik, ya shigo Masar da runduna. Fusɗaɗ ba ta da katangar da za ta kare ta, sai waziri Shawar ya sa aka kwashe mutane aka cinna mata wuta don kada ta faɗa hannun abokan gaba. An ce wutar ta yi kwana 54 tana ci. Salahuddin ya shigo Masar daidai wannan lokaci tare da baffansa Shirkuh, saboda haka shirinsa shi ne katanga ɗaya ta haɗe Alƙahira da Fusɗaɗ, ta taso daga bakin Nilu a arewa, ta zagayo ta gabas, ta koma bakin Nilu a kudu, Ƙal'a kuma ta zauna a tsakiya tana riƙe da ɓangarorin biyu. Marubutan zamanin sun ba da tsawonta zira'i dubu 29 da 'yan kai. Ba a taɓa kammala ta ba.

Na biyu shi ne mutanen gida. Salahuddin Bakurde ne, Ahlus Sunna, baƙo a garin da Faɗimiyyawa suka mulka shekara 200. A 1169 dakarun halifa sun yi masa tawaye a tsakiyar gari. A 1171 ya kawo ƙarshen halifancin, a 1174 kuma aka bankaɗo wata maƙarƙashiya ta dawo da shi. Mai irin wannan zama ba ya son kwana a fadar da ke kewaye da lungunan da bai sani ba. A Sham, inda ya taso, kowane babban gari yana da ƙal'arsa, inda mai mulki yake zaune da sojojinsa, ƙofa ɗaya tana kallon gari, ɗaya tana kallon daji. Wannan tsari ya kawo Masar. Shi kansa bai zauna a cikinta ba: ya bar Masar a 1182, bai sake komowa ba har ya rasu a Dimashƙa a 1193. Ɗan ɗan'uwansa, Al-Kamil, shi ne ya fara tarewa a ciki wajen 1207.

Yaya fasalin cikinta yake?

Kashi uku ne. Akwai farfajiyar arewa, wadda ita ce ainihin sansanin Ayyubawa, tsawonta ya ɗan wuce rabin kilomita, da katanga mai hasumiyoyi tana bin gaɓar dutsen. Nan sojoji suke, kuma a zamanin Mamalik nan barikokin da ake horar da yaran bayin sarki suke. Akwai farfajiyar kudu mai kallon gari, inda fadoji da babban masallaci da zauren shari'a suke. Tsakanin biyun akwai katanga da ƙofa, Babul Ƙulla, wato sarki bai yarda sojojinsa su shigo masa kai tsaye ba. Sai kashi na uku a gangare ta yamma, inda bargar dawakin sarki take, da ƙofa mai fita filin Rumaila, wurin sukuwa da faretin soja da kasuwar dawaki. Ƙofar da ke wurin yanzu, Babul Azab, ta 1754 ce.

Ta gabas, inda tudun yake manne da Muƙaɗɗam, an sare dutsen aka yi gwalalo mai zurfi. Jifa ɗaya tsuntsu biyu: an raba Ƙal'a da tsaunin, an kuma sami dutsen gini. Titin Salah Salim na yau ta wannan tsagi ya ratsa.

Su wa suka yi aikin, kuma gaskiya ne an rushe dala don a sami dutse?

Mai kula da aikin shi ne Baha'uddin Ƙaraƙush, amintaccen Salahuddin. Sunansa na cikin rubutun da aka sassaƙa a saman Babul Mudarraj, tsohuwar babbar ƙofa, mai ɗauke da shekarar 579 ta Hijira, daidai da 1183 zuwa 1184. Matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubair, ya ratsa Alƙahira a 1183 a hanyarsa ta Hajji, ya ga fursunonin yaƙi Turawa masu ɗimbin yawa suna yanka duwatsu suna haƙa gwalalon. Batun dala kuma gaskiya ne, amma ƙanana: Abdullaɗif al-Bagdadi, wanda ya zauna a Masar a ƙarshen wannan ƙarni, ya rubuta cewa Ƙaraƙush ya rushe waɗansu ƙananan dala a Giza ya kwashe duwatsunsu. Mafi yawan dutsen dai daga nan Muƙaɗɗam aka fasa shi.

Ta yaya masana suke gane wane ɓangare na wane sarki ne?

Rubutun da ke jikin ƙofa shi ne shaida mafi sauƙi, amma ba shi da yawa. Sauran sai an karanta dutsen. Masanin gine-gine ɗan Ingila K. A. C. Creswell, wanda ya auna katangar hasumiya bayan hasumiya a ƙarni na 20, ya lura cewa aikin zamanin Salahuddin duwatsu ne matsakaita masu sumul, hasumiyoyinsa kuma ƙanana ne, rabin da'ira. Aikin magadansa, Al-Adil da Al-Kamil, manyan duwatsu ne masu ƙullutu a fuska, hasumiyoyin kuma ƙatta, waɗansu masu kusurwa huɗu kamar Burj al-Ɗurfa, kowace ta isa ta zama sansani mai zaman kanta.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne hasumiyoyi biyu na kusurwar gabas, Burj al-Ramla da Burj al-Haddad. Daga waje ƙatuwar hasumiya ɗaya kake gani. In ka shiga, sai ka tarar da ƙarama a cikin cikinta. Ta cikin ita ce ta Salahuddin. Da aka ga ta yi ƙanƙanta, ba a rushe ta ba, sai aka naɗe ta da sabuwa. Kafofin harbin kibiya na tsohuwar, waɗanda a da suke kallon fili, aka fasa su aka faɗaɗa, suka zama ƙofofin shiga sababbin ɗakunan 'yan baka. Kana tsaye a bakin ƙofa, amma gefenta a karkace yake irin na kafar harbi, faɗi daga ciki, matsattse daga waje. Wannan karkacewar kaɗai ta gaya maka wanne ya riga wanne.

A cikin ƙasa kuma tsingaro ne ke ba da shekaru. Kowane zamani da irin tukwanensa da irin kwalliyar tangaran ɗinsa, har da gutsattsarin tangaran na Sin da fatake suka kawo. Kuɗin ƙarfe yana ɗauke da sunan sarki. In kuwa aka ci karo da kan lofe na yumɓu, an san wannan shimfiɗar ƙasa ba ta girmi shekarar 1600 da wani abin kirki ba, domin taba ba ta iso Masar ba sai wajen lokacin.

A kan dutse haka, ina suke samun ruwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga sansani, kuma amsarta ita ce aikin da ya fi ba da mamaki a Ƙal'a, ko da yake ba a hango shi daga nesa. Ƙaraƙush ya sa aka sare rijiya a cikin dutse zalla, zurfinta kusan mita 90, har ta kai matakin ruwan Nilu. Hawa biyu ce. Ramin sama faffaɗa ne, kuma an sassaƙa hanya mai karkata tana zagaya shi tana gangarawa, da siririn bangon dutse tsakaninta da ramin, da tagogi don haske. Ta wannan hanya ake gangarawa da shanu zuwa wani dandali a tsakiya. Can suke juya keken ɗebo ruwa mai tukwane ɗaure a igiya, su jawo ruwa daga ramin ƙasa zuwa kwatami, wasu shanun a sama su jawo shi zuwa bakin rijiya. Ana kiranta Rijiyar Yusuf, har mutane da yawa suka ɗauka ta Annabi Yusuf ce, alaihis salam. Sunan yanka na Salahuddin ne Yusuf.

Da Ƙal'a ta cika da jama'a da dawaki, rijiya ta kasa. Sarki Nasir Muhammad ya jawo ruwa daga Nilu ta magudanar da aka ɗora kan bakunan gini, wani ɓangarenta ma a kan katangar Salahuddin ya bi. Sarki Ƙansuh al-Guri ya sabunta ta a farkon ƙarni na 16, ya gina ƙatuwar hasumiya mai kusurwa shida a bakin kogi, wurin da ake kira Fummul Khalij. Jerin bakunan na nan, motoci na wucewa ta ƙarƙashinsu.

Ina fadojin Mamalik da ake ta ba da labari?

Suna ƙarƙashin ƙafarka. Nasir Muhammad ya gina Ƙasrul Ablaƙ wajen 1313, fada mai layin baƙin dutse da rawaya, da wani babban zaure mai ƙubba a kan manyan ginshiƙai, inda yake zaman shari'a da karɓar jakadu. Da Sultan Salim na Turkiyya ya ci Masar a 1517, ya sa aka ɓamɓare marmara aka yi Istanbul da ita. Fadojin suka yi ta lalacewa. Masanan Faransa da suka biyo Napoleon a 1798 sun tarar da zauren ba rufi, amma ginshiƙansa a tsaye, suka zana shi. A 1824 rumbun albarushi ya fashe a Ƙal'a, bayan haka Muhammad Ali ya rushe abin da ya saura, ya cike wurin da ɓaraguzai, ya ɗaga ƙasa, ya fara masallacinsa a kai a 1830.

Abin da ya tsira a sarari shi ne masallacin Nasir Muhammad na 1318, wanda aka faɗaɗa a 1335. Ginshiƙansa ba su yi kama da juna ba, domin daga gine-ginen Fir'auna da na Rumawa da na Kibɗawa aka tattaro su. A shekarun 1980 an yi tono kusa da gidan tarihin 'yan sanda, aka gano wani babban ɗaki can ƙasa da inda mutane ke takawa, da ragowar adon ƙananan duwatsu masu launi a bangonsa. Da farko an ce Ƙasrul Ablaƙ ne, daga baya masani Nasser Rabbat ya kawo hujjar cewa ɗakin Sarki Ashraf Khalil ne na 1292. A nan kusa kuma aka fito da saman wata hasumiya mai jerin zakuna a sassaƙe, tambarin Sarki Baibars.

An ce an tono wani ɓangaren ganuwar daga cikin juji. Yaya aka yi?

Katangar gabas ta daina amfanin yaƙi tun zamanin Mamalik, sai mutanen gari suka riƙa zubar da shara da ɓaraguzan gini a bayanta. Shekara wajen 500 ana haka, har juji ya zama tsauni, tudun Darrasa, ya binne katangar, a wasu wurare zurfin mita 15. Da gidauniyar Aga Khan ta ɗauki aikin mai da tudun lambun shaƙatawa, wanda aka buɗe a 2005 da sunan Lambun Azhar, masu kwashe ƙasa suka fara cin karo da kawunan bango. Da aka bi shi, sai ga katangar Ayyubawa kusan kilomita ɗaya da rabi, da hasumiyoyinta, da matakalanta, da ɗakunan 'yan baka a cikin kaurinta, da hanyar sintiri a sama.

Abin lura a nan shi ne, fadojin da sarakuna suka zauna a ciki su ne suka salwanta, katangar da aka wulaƙanta da shara ita ce ta fito kusan yadda aka bar ta. Mai neman dutsen gini bai kai gare ta ba, mai son sabunta gini bai gan ta ba. Masu bincike na cibiyar Faransa da ke Alƙahira, ƙarƙashin Stéphane Pradines, sun yi tono a gefenta, suka sami ragowar katangar tubali ta zamanin Badrul Jamali 'yan taku kaɗan a bayan ta Salahuddin. Wannan ya nuna ba duk ganuwar Badr ce ta dutse ba, a gabas laka ce, ƙofofi ne na dutse. Wahalar gyara kuma ta fi yawa ta gefen unguwar Darbul Ahmar, inda gidaje suka jingina da katangar, waɗansu ma suka hau kanta, da iyalai a ciki. Akwai kuma gishirin da ke tasowa da danshi yana cin dutsen da zarar iska ta fara taɓa shi.

Me ya sa ƙofofin Ayyubawa suke lanƙwasa?

Ƙofofin Badr miƙaƙƙu ne, kana waje kana hango titin gari. Na Ayyubawa, irin Babul Barƙiyya da aka tono a lambun, sai ka shiga ka karya kwana kafin ka fita. Doki ba ya shiga da gudu, masu ɗauke da gungumen fasa ƙofa ba su da filin ja da baya, 'yan baka kuma suna samanka. Kudu da ita akwai Babul Mahruƙ, ƙonanniyar ƙofa, wadda wasu Mamalik suka cinna wa wuta a 1254 don su tsere daga gari cikin dare, bayan an kashe shugabansu Aƙɗai a Ƙal'a.

An taɓa cin Ƙal'a da yaƙi?

Maƙiyan da aka gina ta dominsu ba su taɓa isowa gindinta ba. Salibiyyawa sun tsaya a yankin Dimyaɗ da Mansura a 1221 da 1250. Mongol sun sha kashi a Ainu Jalut a 1260, bayan an rataye kawunan jakadunsu a Bab Zuwaila. Turkawa a fili suka yi nasara, a Raidaniyya, a Janairun 1517, suka rataye sarkin Mamalik na ƙarshe, Ɗuman Bai, shi ma a Bab Zuwaila.

Faɗan da Ƙal'a ta sha na cikin gida ne. Masallacin Sultan Hasan da aka gina a gabanta daga 1356 tsawonsa ya sa 'yan tawaye suna hawa rufinsa suna harbin fada, har Sarki Barƙuƙ ya sa aka rushe matakalansa a 1391. Da igwa ta yi ƙarfi kuma, sai raunin wurin ya bayyana: Muƙaɗɗam ya fi shi tudu, shi ya sa Muhammad Ali ya gina wani ƙaramin sansani a can sama. Jinin da ya fi yawa ya zuba ne ranar 1 ga Maris, 1811. Muhammad Ali ya gayyaci manyan Mamalik bikin naɗin ɗansa Ɗusun. Suna gangarowa a matsattsiyar hanyar da aka sare cikin dutse zuwa Babul Azab, aka rufe ƙofar, aka buɗe musu wuta daga sama. Ɗaruruwa suka mutu. Labarin wanda ya tsallake katanga a kan doki ya tsira, almara ce da masu rakiyar baƙi ke jin daɗin faɗa.

Akwai abin da ya haɗa wannan wuri da ƙasashenmu?

Mansa Musa na Mali ya hau Ƙal'a a 1324 a hanyarsa ta Makka, ya gana da Nasir Muhammad, bayan ya yi ta nonnoƙewa saboda al'adar fadar ta sumbatar ƙasa a gaban sarki. Ta fuskar zamani kuma, kundin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar Kano, wato 'yan shekaru kaɗan bayan an gama Bab Zuwaila. Tunanin ginin ne ya bambanta. Badalar Kano ta rungumi gonaki da kududdufai da Dala da Gwauron Dutse, don gari ya ci ya sha in an kewaye shi, Gidan Rumfa kuma yana ƙasa cikin jama'a. A Alƙahira mai mulki tudu ya hau, ya sa katanga tsakaninsa da garin.

In ina da yini ɗaya, ta ina zan fara?

Fara da sassafe daga Babul Futuh da Babun Nasr, ka nemi kawunan ginshiƙan nan. A hasumiyoyin katangar akwai sunayen hafsoshin Faransa da sojojin Napoleon suka sassaƙa. Bi titin Mu'izz ka miƙe kudu har Bab Zuwaila, ka ratsa tsawon birnin Faɗimiyyawa ke nan da ƙafa. Daga nan Darbul Ahmar zai kai ka gindin Ƙal'a, amma mashigar baƙi tana ta gefen titin Salah Salim, sai ka zagaya. A ciki yawancin mutane masallacin Muhammad Ali suke tsayawa su ɗauki hoto su juya. Wuce ta Babul Ƙulla ka shiga farfajiyar arewa, ka bi katanga har kusurwar gabas inda Burj al-Ramla da Burj al-Haddad suke. Katangar Lambun Azhar ka bar ta sai la'asar, daga masallacin Azhar tafiyar ƙafa ce, kuma ana biyan kuɗin shiga lambun dabam da na Ƙal'a.